Kamfani na da bakin magana a Wikipedia, amma a shafin tattaunawa

Duk wanda ya nemi sunan babban kamfani a Google, da wuya ya wuce sakamakon farko bai ci karo da muƙalar Wikipedia ba. Shi ya sa idan aka sauya shugaba ko aka mayar da hedikwata wani gari, muƙalar kuma tana ɗauke da tsohon bayani, jami'in hulɗa da jama'a ake kira a ce ya je ya gyara. Maɓallin gyara a buɗe yake, kowa na iya dannawa. A ganina ma'aikacin da ya riƙe hannunsa, ya tafi shafin tattaunawa, wato shafin da ke haɗe da kowace muƙala inda editoci ke magana a kanta, ya faɗi wanda yake yi wa aiki sannan ya nemi a yi gyaran, shi ne ya yi daidai. Editocin da ke barin buƙatarsa ta yi watanni ba amsa kuwa, Wikipedia ɗin da suke son karewa suke cutarwa.

Ba haka kawai Wikipedia ta tsaurara wa kamfanoni ba. A 2007 Virgil Griffith ya fito da manhajar WikiScanner, wadda ta haɗa gyare-gyaren da aka yi ba suna da adireshin intanet na ofisoshin da suka fito, asirin kamfanoni da hukumomi da dama ya tonu. A 2013 an toshe asusu sama da 250 a binciken da ya shafi kamfanin Wiki-PR na Amurka, wanda ke gyara wa mutane muƙala don kuɗi. Bayan wannan ne, a watan Yunin 2014, Gidauniyar Wikimedia, mai kula da Wikipedia, ta sauya ƙa'idojin amfani da shafukanta: duk wanda ake biya don ya yi gyara dole ya bayyana mai biyansa, da wanda ake yi wa aikin, da duk wata alaƙa da ke tsakani. Zai rubuta hakan a shafinsa na edita, ko a shafin tattaunawar muƙalar, ko a taƙaitaccen bayanin gyaran. Ɗaya daga cikin ukun ya wadatar. Ƙa'idar ba ta Wikipedia ta Turanci kaɗai ba ce, ta hau kan ta Hausa ma, sai fa inda al'ummar wani shafi ta kafa nata tsarin. Ma'aikaci mai albashi da gyaran ya shiga cikin aikinsa yana ƙarƙashinta, ko da ba a ba shi ko sisi a kan gyaran kansa ba.

Tun daga buɗe asusu ake fara tuntuɓe. A Wikipedia ta Turanci ba a yarda da asusu mai sunan kamfani tsurarsa ba, ba a kuma yarda mutum biyu su yi tarayya a asusu ɗaya ba. Sunan mutum haɗe da na kamfani ya halatta. Daga nan sai ya buɗe sabon sashe a shafin tattaunawar muƙalar, ya sa alamar "edit COI" wadda ke jefa buƙatar cikin layin da 'yan sa-kai ke dubawa, ya rubuta abu uku: jimlar da ke nan yanzu, jimlar da yake so ta maye gurbinta, da madogara. Misali, muƙala ta ce hedikwata na gari kaza, a mayar da ita gari kaza, ga rahoton jarida da sunanta da ranar da ta fito. Buƙata irin wannan edita zai tantance ta cikin minti biyar. Wanda ya zubo shafi uku ya ce a maye gurbin muƙalar gaba ɗaya, ya ɗora wa ɗan sa-kai aikin yini guda, kuma mafi yawansu za su tsallake shi su duba na gaba.

Madogara ita ce inda aka fi faɗuwa. Shafin kamfani na iya tabbatar da abin da ba gardama a kansa, kamar sunan shugaba ko shekarar kafuwa. Ba zai tabbatar da cewa kamfanin ne "kan gaba a Afirka" ba. Sanarwar manema labarai da jarida ta buga yadda aka aiko ta ba ta zama rahoto mai zaman kansa ba, haka labarin da aka biya kuɗi aka buga. Kwafo sakin layi daga shafin kamfani kuma matsalar haƙƙin mallaka ce, goge shi za a yi, domin rubutun Wikipedia yana ƙarƙashin lasisin da ya ba kowa damar ɗauka ya sake amfani da shi. Hoto ma haka: sai mai haƙƙinsa ya sake shi da irin wannan lasisi kafin ya zauna a Wikimedia Commons, ma'ajiyar hotunan da Wikipedia ke amfani da su. Sai babban kuskure, wato neman a cire labarin tara ko shari'a da manyan jaridu suka ruwaito. Ba za a cire ba. Abin da ake iya samu shi ne a ƙara yadda shari'ar ta ƙare idan akwai madogara, ko a rage tsawon sashen idan ya rinjayi sauran muƙalar. Wanda ya yi barazanar kai ƙara kotu kuwa, toshe asusunsa ake yi har sai ya janye.

Masu adawa da wannan hanya suna da hujja mai nauyi. A 2013 an yi ce-ce-ku-ce kan muƙalar kamfanin mai na BP. Ma'aikacin kamfanin ya bayyana kansa, bai taɓa muƙalar da hannunsa ba, yana ajiye daftari ne editoci na ɗauka suna sakawa, har wani kaso mai yawa na rubutun, da ya haɗa da batun muhalli, ya zama daga alƙalamin kamfanin ya fito. Mai karatu bai san haka ba, don ba kowa ke leƙa shafin tattaunawa ba. Mai albashi yana da lokacin da ɗan sa-kai ba shi da shi, zai iya dawowa kullum har a gaji a ba shi abin da yake so.

Na yarda da wannan damuwa, amma ban ga ta rushe tsarin ba. An gano abin da ya faru a muƙalar BP ne saboda a fili aka yi shi, kowane daftari na nan da sa hannu da kwanan wata. Ƙungiyar da aka bankaɗo a 2015, wadda aka yi wa laƙabi da Orangemoody aka toshe mata asusu 381, a ɓoye take karɓar kuɗi daga ƙananan 'yan kasuwa. Idan aka rufe ƙofar gaba, irin waɗannan kamfani zai nema. Gyaran da ake buƙata yana wajen editoci: kada a kwafi daftarin kamfani a manna, a buɗe kowace madogara a karanta, a tambayi abin da daftarin ya yi shiru a kansa, sannan a ba da amsa ko da ta ƙi ce, tare da dalili.

Ma'aikacin da ya ji shiru kuma kada ya ce tura ta kai bango ya gyara da kansa. Ɓarna bayyananniya, kamar zagi da wani ya cusa, ita ce zai iya cirewa nan take ya bayyana dalili. Sauran sai ya raba buƙatar gida-gida, ya fara da abin da ba gardama, ya tuntuɓi editan da tarihin muƙalar ya nuna ya fi aiki a kanta, ko ya kai maganar zauren editocin da ke kula da wannan fannin.