Masu kwashe guba fa, wa ke duba lafiyarsu?

Duk sanda aka ce an gama tsabtace wani wuri da guba ta gurɓata, rahoton kusan iri ɗaya ne. Za a faɗi yawan ƙasar da aka kwashe, da kuɗin da aka kashe, da sakamakon gwajin ruwa. Abin da da wuya ka gani a ciki shi ne halin da mutanen da suka riƙe shebur suke ciki. A ganina, in har gubar ta bar ƙasa ta koma huhu da jinin ma'aikata, ba a tsabtace komai ba, wuri kawai aka sauya mata.

Ranar 22 ga Disamba 2008, bangon madatsar tokar kwal ya ɓalle a tashar lantarki ta Kingston da ke jihar Tenesi a Amurka. Toka mai haɗe da ruwa fiye da galan biliyan 1 ta malale gidaje da koguna. Aka yi shekaru ana kwasa. Daga baya ma'aikata suka shaida wa kotu cewa an hana su takunkumi, an kuma ce musu tokar ba ta da illa, alhali akwai asenik, wani sinadari mai guba, a cikinta. A 2018 masu taimaka wa alƙali suka yanke cewa kamfanin da ke kula da aikin ya gaza kare su. Kafin a kai nan, da yawansu sun riga mu gidan gaskiya. Haka aka yi a birnin Niyok a 2001: mako guda bayan rushewar tagwayen benaye, shugabar hukumar kare muhalli ta Amurka, Christine Todd Whitman, ta ce iskar wurin ba ta da matsala. Sai a farkon 2011 aka sa hannu a dokar da ke ɗaukar nauyin jinyar waɗanda ƙurar ta nakasa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda ake ɗaukar rabon takunkumi a matsayin an sauke nauyi. A miƙa wa lebura ƙyalle, a ɗauki hoto, shi ke nan. Takunkumin asibiti ba ya tare tururin sinadari ko kaɗan. Na roba mai matata ma sai an gwada shi a fuskar mai shi, don in gemu ya shiga tsakanin roba da fata, iska ta gefe za ta bi. Matatar kuma tana cika, dole a riƙa sauya ta. Kada wani ya ce ai hanci zai ji wari. Iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda ke taruwa a rami da cikin tanki, in ta yi yawa sai ta kashe jin warin gaba ɗaya. Mutum ya faɗi, abokinsa ya shiga ceto, shi ma ya faɗi.

Ga kuma zafi. Rigar kariya tana hana zufa bushewa, in babu hutu da inuwa da ruwan sha, wallahi ma'aikaci da kansa zai zuge zif ɗin ya tura takunkumi wuya. Laifin na wanda ya tsara aikin ne.

Sanin yadda ake yi kam an san shi tuni. Dokar Amurka ta wajabta horon awa 40 kafin a shiga irin wannan fili, da ƙarin awa 8 duk shekara. Ana raba fili uku: inda gubar take, inda ake wanke jiki da tuɓe kaya, sai inda ake ci da sha. Wurin wankin nan shi aka fi rainawa, kuma shi ne ke tsare iyali. Ƙurar dalma tana bin takalmi da riga har ɗaki, yaro mai rarrafe ya kai ta baki. Wanda ya ji labarin yaran Zamfara a 2010 ya san abin da ƙurar dalma a tsakar gida ke yi.

Sai dai wa ake turawa cikin ramin? Galibi leburan yini ne, ta hannun ɗan kwangila na biyu ko na uku, babu takarda, babu sunansu a ko'ina. Cutar kuwa ba ta gaggawa. Ciwon dajin da ƙurar asbesto (wani ma'adini da ake sawa a kayan gini) ke jawowa yakan yi shekara 20 zuwa 50 kafin ya bayyana. A lokacin kamfani ya watse, ɗan kwangila ya yi gaba, likita zai tambayi lebura me ya shaƙa, shi ma bai sani ba.

Shi ya sa nake cewa a sa wannan cikin sharuɗɗan kwangila tun farko. A yi wa kowane ma'aikaci gwajin jini da na huhu kafin ya fara da bayan ya gama. A rubuta sunansa da sinadaran da aka auna a inda ya yi aiki, a ba shi kwafi a hannunsa ya tafi da shi gida. Ɗan kwangilar da bai kawo waɗannan takardu ba, a riƙe masa kason kuɗinsa na ƙarshe.