Baƙonmu ya riƙe allura, namu ya tsaya kallo

Wannan magana ta daɗe tana cin raina, yau dai bari in fitar da ita.

Shekarun baya, a wani asibitin koyarwa a nan Arewa da ba zan kama sunansa ba, aka kawo mana ɗaliban likitanci biyu daga wata jami'ar Turai su yi sati shida da mu. Yara masu ladabi, ba ni da ta cewa a kan halinsu. Kafin sati ya zagayo sun iya "sannu" da "ina ke ciwo?", har mutanen ɗakin suka raɗa wa macen suna Hadiza.

Ran nan wata mata ta kawo ɗanta daga ƙauye, jiki zafi rau, wuya ya sandare. Muka yi zargin sanƙarau, dole a ɗebi ruwa daga gadon bayansa a kai gwaji. Babban likitanmu ya waiwaya ya ce da baƙuwar, "Zo ki gwada." Yarinyar ta faɗi gaskiya, ta ce ba ta taɓa yi wa mutum ba sai mutum-mutumin roba. Ya ce ai abin da ya kawo ki ke nan. Ta soka allura sau biyu ba ta dace ba, yaro na tsala ihu, nas biyu sun danne shi. A na uku na karɓa. Uwar tana bakin ƙofa, ta toshe baki da mayafi, ta ce mini, "Likita, Allah ya saka wa Baturiyar nan, ta baro ƙasarsu don 'ya'yanmu." Babu wanda ya gaya mata ɗaliba ce. Ni ma na ja bakina na yi shiru.

Shekara ta zagayo, wani abokin aikina, likitan yara wanda ya yi irin wannan aikin fiye da yadda zai iya ƙirgawa, ya samu gurbin zuwa can Turai. Da farko aka hana shi biza, wai bai gamsar da su cewa zai dawo ba. Ya sake biya, ya kai takardun banki da na aure da na fili, sannan aka ba shi. Da ya isa aka rataya masa kati a wuya mai nuna cewa shi ɗan kallo ne. Ba ya taɓa majinyaci, ba ya rubutu a fayil, ko awon jini bai ɗaura wa kowa ba. Ya ce mini, "Malam, na ga abubuwa, amma hannuna a aljihu ya je, a aljihu ya dawo."

Kada a yi mini gurguwar fahimta. Dokarsu daidai ce. Mutumin da ba shi da lasisin ƙasa da inshora bai kamata ya sa wa majinyaci hannu ba. Abin da nake tambaya shi ne me ya sa dokar take zubewa da zarar jirgi ya sauka a Kano. Gadon bayan yaron ƙauyenmu ai irin na ɗan Landan ne. Tun 2010 masana daga ƙasashe daban-daban suka fitar da ƙa'idojin irin wannan ziyara, kuma a ciki an faɗa ƙarara cewa ɗalibi kada ya wuce iyakar horonsa. Rabin laifin namu ne, mu da muke miƙa allurar don a ce mun iya karɓar baƙi. Kuma mu ne ya kamata mu fi kowa kaffa-kaffa da batun izinin iyaye, tunda a Kano aka yi gwajin maganin Trovan da ya ƙunshi yara 200 lokacin annobar sanƙarau ta 1996, 11 suka rasu, aka shafe shekaru ana shari'a, har abin ya taimaka wajen ɓata wa rigakafin shan-inna suna.

Akwai kuma wahalar da ba a lissafawa. Baƙo ba ya jin Hausa, saboda haka nas ɗin da ke kula da gado talatin ita ce tafinta. Zagayen safe da ake gamawa ƙarfe goma sha ɗaya sai ya kai azahar. Ɗalibinmu na gida, wanda ubansa ya sayar da buhunan masara ya biya masa kuɗin makaranta, yana leƙe ta bayan kafaɗa. Sannan bayan wata biyu ka ci karo da hoton yaro mai tamowa a Instagram, baƙo ya rungume shi yana murmushi. Wa ya tambayi uwar?

To, ba cewa nake a rufe ƙofa ba, don na san inda abin ya yi kyau. A Eldoret ta Kenya, Jami'ar Indiana ta Amurka ta ƙulla zumunci da Jami'ar Moi tun wajen 1990, lokacin da ake kafa tsangayar likitanci a can. Daga wannan zumunci shirin AMPATH ya fito a 2001, ya kula da dubban masu ɗauke da cutar ƙanjamau. Abin da ya burge ni shi ne ɗaliban Kenya ma ana kai su asibitocin Amurka, hanyar tana da zuwa tana da dawowa. Haka shirin MEPI na inganta koyar da likitanci, daga 2010 zuwa 2015, inda gwamnatin Amurka ta ware kimanin dala miliyan 130 ta miƙa kai tsaye ga makarantun likitanci 13 a ƙasashen Afirka 12, su suka riƙe linzami. A Najeriya Ibadan ce ta jagoranta, kuma Zariya da Jos da Maiduguri suna ciki. A nan gida ma, aikin da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya yi da Jami'ar Vanderbilt kan sikila ya bar abu a ƙasa: an horar da namu ma'aikatan su duba gudun jini a ƙwaƙwalwar yaro da na'ura, su gano wanda ke cikin haɗarin shanyewar jiki, a fara ba shi magani tun abin bai faru ba.

Na san abin da wasu za su rubuto a ƙasa: idan aka tura namu, ba za su dawo ba. Tsoron yana da tushe. Najeriya da Nijar da Gana da Kamaru da Chadi duk suna cikin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa a 2023 a matsayin masu tsananin ƙarancin ma'aikatan lafiya. Amma waɗanda na sani da suka tafi, ba ziyarar sati shida ce ta tafi da su ba. Jarrabawar PLAB ta neman lasisin aikin likita a Birtaniya suka zauna da kuɗin aljihunsu, bayan sun gaji da yin tiyata da fitilar waya da jiran albashi. Ita kanta Birtaniya ta fito da tsarin da likita zai je ya yi horo na gaske har wata 24, da rajista, yana duba marasa lafiya, sannan ya koma gida. Ashe idan an so, ana iyawa.

Watan jiya wata takarda ta iso teburina, wata jami'a tana neman gurbin ɗalibai huɗu. Na amsa cewa muna maraba, amma za mu turo namu huɗu, su kuma su taimaka da takardun biza da masauki. Na ce duk wanda ya zo za a gabatar da shi ga majinyaci da Hausa a matsayin ɗalibi, mai jinya na da ikon cewa a'a, ba ɗaukar hoto a ɗakin yara, kuma abin da bai yi a gida ba, nan ma kallo zai yi. Wani babba a sashenmu ya karanta ya girgiza kai, ya ce, "Kai dai za ka kore mana baƙi." Sati uku ke nan ba su amsa ba tukuna.