Maharban barewa a Amurka: harbin nesa zai jawo musu asarar lokacin baka

Daga tsakiyar Agusta zuwa ƙarshen Satumba, jihohin yammacin Amurka irin su Utah, Nevada, Colorado da Wyoming kan buɗe lokacin farauta na masu kwari da baka kaɗai, tun kafin masu bindiga su shiga daji. Abin da aka fi bi a tsaunukan nan shi ne wata barewa mai manyan kunnuwa kamar na alfadari, wadda idan ta firgita takan yi tsalle da ƙafafu huɗu lokaci guda ta haye gangaren da mutum zai yi rabin awa yana hawa. Jihar Wisconsin ce ta fara ware wa masu baka lokacinsu a 1934, sauran suka biyo baya, kuma hujjar ɗaya ce: baka makamin kusa ne, mai shi ba ya kashe dabba da yawa, don haka babu laifi a ba shi kwanaki masu yawa da lasisi mai sauƙin samu. A ganina maharban yau suna rushe wannan hujja da hannunsu.

Farautar wannan barewa aikin ido ne kafin ya zama aikin hannu. Maharbi yakan hau tudu tun asuba, ya zauna da madubin hangen nesa yana duba gangaren da ke fuskantarsa. Ko ya hango namiji mai ƙaho yana kiwo, ba ya motsi. Jira yake rana ta ɗaga, dabbar ta nemi inuwar dutse ko ta itace ta kwanta. Ƙwararru ma ba sa amincewa da kwanciyar farko, domin inuwa na juyawa barewar takan tashi ta sake wuri, kuma a kwanciya ta biyu ce take daɗewa. Akwai kuma maganar iska, wadda ita ce ke raba gwani da ɗan koyo. A tsauni iskar safiya mai sanyi gangarowa take yi, sai ƙasa ta yi zafi sannan ta juya ta riƙa hawa. Wanda ya fara sanɗa a tsakanin nan, lokacin da iskar ke kai da kawowa, ya ɓata ranarsa, don hancin barewa ba ya yafiya. Shi ya sa ake zagayawa a ɓullo mata ta sama bayan iskar ta tsaya a kan hawa. In ya rage mita ɗari ko makamancin haka, da yawa sukan cire takalma su ci gaba da safa, wasu da jan ciki. In an kai mita 30 ko 40 sai a tsaya, a jira ta miƙe don kanta, ko da za a kai la'asar. Sannu ba ta hana zuwa.

Kayan zamani sun buɗe wata hanyar. A 1969 Holless Wilbur Allen na jihar Missouri ya samu haƙƙin mallakar bakan da ke da 'yan tayoyi a kowane baki, wanda ke rage nauyin tsirkiya bayan an ja ta, har mutum ya riƙe yana saiti ba tare da hannunsa ya yi rawa ba. Irin wannan baka na yau yana cilla kibiya kimanin mita 90 a daƙiƙa ɗaya. Haɗa shi da na'urar auna tazara da abin saiti mai zamewa, sai ga mutane suna sakin kibiya daga mita 80, har 100, su ɗora bidiyon a YouTube ana yaba musu.

Masu kare wannan ɗabi'a suna da magana, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa akwai wanda ke atisaye kullum, wanda daga mita 80 ya fi wani iya saiti daga mita 30, kuma a filin da babu ko ciyawar fakewa ba kullum ake iya matsawa ba. Na yarda akwai irin waɗannan gwanaye. Amma allon atisaye ba ya motsi. Sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa, ya ninka saurin kibiya kusan sau huɗu. Daga mita 80 kibiya za ta yi kusan daƙiƙa guda a sama, ƙarar tsirkiya kuwa ta riga ta isa kunnen dabbar. Taku ɗaya ya isa kibiyar da aka nufa huhu ta sauka a tumbi. Babu atisayen da ke maganin wannan, domin motsin na dabbar ne.

A nan ne mai karatu na ƙasar Hausa zai fi gane girman matsalar. Maharbanmu na dā sukan shafa wa kibiya dafin ƙwanƙwani, don haka ko a cinya ta samu dabba, dafi zai ƙarasa aikin. Dokokin farautar jihohin nan sun haramta dafi. Kaifin bakin kibiya kaɗai ke kisa, ta hanyar zubar jini. In ta ratsa huhu biyu, dabbar kan faɗi nan kusa. In ta shiga ciki, za ta yi sa'o'i tana wahala, sau da yawa ta mutu inda ba wanda zai same ta, maharbin kuma ya koma da lasisinsa a aljihu ya nemi wata.

Kuma wannan barewa ba ta da rarar da za a yi wasa da ita. Wata cuta mai cin ƙwaƙwalwa da ramar da dabba, wadda aka fara lura da ita a 1967 a jikin irin wannan barewa a Fort Collins ta Colorado, ta bazu a jihohi da dama. Hunturun 2022 zuwa 2023 ya yi wa garkunan yammacin Wyoming mummunar ɓarna. Hanyoyin ƙaurarsu, har da wadda ta kai kimanin kilomita 240 daga yankin Red Desert zuwa na Hoback a Wyoming, shingaye da tituna sun daddatse su.

Hukumomi sun fara nuna inda suka dosa. Arizona ta hana amfani da kyamarorin da ake ɗaurewa a daji don farauta daga farkon 2022, Utah ma ta hana su a watannin farauta. A shekarar ce kuma Arizona ta ƙayyade yawan barewar da masu baka za su kashe a kowane yanki, da an cika adadin a rufe yankin. Ba na tsammanin wata jiha za ta iya kafa dokar tazarar harbi, don babu jami'in da zai bi kowa da awo. Abin da ke hannunta shi ne rage kwanaki da rage lasisi, kuma wannan zai shafi mai jan ciki da safa daidai da yadda zai shafi mai harbi daga mita ɗari. Ƙungiyar Pope and Young, wadda tun 1961 take ajiye kundin manyan dabbobin da aka kashe da baka, tana da abin da hukuma ba ta da shi: maharba na kwaɗayin ganin sunansu a kundinta. Da za ta sa iyakar tazara cikin sharuɗɗan shiga, ko da a kan rantsuwar maharbi ne, da kamfanonin da ke tallar harbin nesa sun fara sauya salon tallarsu.