Ƙwayar aiki da mu masu ba da jinga

Bara da rani na ba wasu samari uku jingar yankan shinkafa a 'yar gonar da muke nomawa a ƙasan madatsar Bakolori, kusa da Talata Mafara. Na ƙiyasta musu kwana biyu. Kafin la'asar ɗayansu ya kusa cinye rabonsa. Da aka kawo tuwo ko kallon kwanon bai yi ba, ruwa kawai yake kwankwaɗa, yana ta zuba surutu, muƙamuƙinsa na motsi kamar mai taunar goro alhali babu komai a bakin. Na ce, "Samari, zo ka ci abinci mana." Ya ce, "Baba, bari in gama, yanzu jikin ya ɗauka." Na sa masa albarka, har na ƙara masa ɗari biyar. Na kuwa san abin da ya sha, kowa a gonar ya sani.

Idan ana zancen ƙwaya a Zamfara, 'yan bindiga da zauna-gari-banza ake kawowa. Ba a cika ambaton leburan da ke lodin buhuna a kasuwar Gusau ba, ko mai haƙar zinare a ramukan Anka, ko direban da zai kwana a hanya. Waɗannan don aiki suke sha, kuma akwai wanda aikin ke yi wa rana. Ina cikin masu cin moriyar.

Tun asali haka abin ya taso. A Jamus aka fara haɗa amfetamin, ƙwayar hana barci da gajiya, a 1887, wani masani ɗan Japan, Nagai Nagayoshi, ya fitar da 'yar uwarta metamfetamin a 1893. Amma sai da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo kasuwarsu ta buɗe sosai. A 1938 kamfanin Temmler ya fara sayar da ƙwayar Pervitin, aka raba wa sojojin Hitila miliyoyinta don su yi kwanaki suna tafiya ba barci. Japan ta ba sojoji da ma'aikatan masana'antu irin tata, da aka gama yaƙi ta wayi gari da tarin mutanen da ba sa iya rabuwa da ita. Dattawanmu ma suna tuna ƙwayar a-rungumi-zaki a lokacin noman gyaɗa da auduga. Sunan kaɗai ya isa bayani.

Yanzu ba sai an yo odarta daga waje ba. A 2011 hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA ta gano wurin dafa metamfetamin na farko a Legas, a 2016 ta gano wani babban wurin dafawa a Asaba, ta kama mutane har da 'yan Meziko huɗu. Tiramol da ya fi yawa a aljihun leburorinmu maganin ciwo ne mai ƙarfi, danginsa daban, amma buƙatar ɗaya ce: a kashe gajiya a ci gaba da aiki. Sau da yawa ma gwamutsa su ake yi a cikin shayi.

Metamfetamin ba ta ƙara wa mutum ƙarfi ko na sisin kwabo. Tana tilasta wa ƙwaƙwalwa ta kwararo da sinadarin dofamin mai sa jin daɗi da kuzari, sai yunwa da barci da gajiya su yi shiru. Ƙarfin gobe ne aka ranto aka kashe yau, kuma jiki ba ya yafe bashi. Zuciya na bugu da sauri, jini na hawa, ana samun shanyewar ɓarin jiki ga yaro ɗan ashirin da 'yan kai. Wanda ya jera kwanaki bai runtsa ba sai ya fara jin muryoyi, yana zargin matarsa da maƙwabta. A nan ne gida ke cewa iska ce.

Daga nan sai a nufi gidan mari. Bayan abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a 2019, ɗaruruwan mutane a sarƙa, bai kamata a ƙara yi wa kowa bayani ba. Bulala ba ta gyara ƙwaƙwalwa. Gaskiya ne har yau babu wani magani da aka amince yana cire sha'awar metamfetamin kai tsaye. Likita na kwantar da ruɗewar da rashin barcin, sauran aikin zama ne da mai ba da shawara. Hanyar da ta fi nuna nasara ma mai sauƙi ce: a riƙa gwada fitsarin mutum, duk sanda aka same shi tsaf a ba shi 'yar kyauta. Makwannin farko su ne masu wuya. Zai yi ta barci, ya yi ta ci, ransa ya ɓaci har ya ji duniyar ta ishe shi, kuma a daidai lokacin ne 'yan uwa ke ce masa malalaci.

Sai dai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke kusa da mu yana Kware ta Sakkwato, sama da kilomita 200 daga Gusau, a kan hanyar da kowa ya san halinta. Lebura ba shi da kuɗin motar, balle na jinya. Gwamnatin jiha na iya horar da ma'aikatan lafiya su yi wannan aiki a manyan asibitocin ƙananan hukumomi, kuma ya fi gangamin wayar da kai na rana ɗaya amfani.

Bana na ce ba zan ba da jinga ba, kuɗin yini zan biya, a tashi da la'asar. Biyu daga cikin samarin suka ce bai biya su, suka wuce gonar maƙwabcina. Na ukun, mai jikin da ya ɗauka, wansa ya ce min yana gida tun bayan sallah, ba ya fita.