Ran yarinya ba asara ba ne, amma takardar gwaji tana da mai ita

Ranar Asabar na je Aboabo duba 'yar ƙanwata mai shekara 4, wadda sikila ta sake kayar da ita. Kafin a ɗaura auren iyayenta sun je wani ɗakin gwaji mai zaman kansa a nan Kumasi, aka ba mijin takarda cewa jininsa AA ne. Sai da yarinyar ta fara kumburin hannu da ƙafa aka sake aunawa, aka tarar AS ne kamar matarsa, kuma idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da kashi 1 cikin 4 na zuwa da SS, wato sikila. Dangi sun ce ƙaddara ce. Na yi imani da ƙaddara, amma ban taɓa jin malamin da ya ce ita ce ke yafe wa mai sakaci ba.

Ƙarar da ke tasowa daga irin wannan lamari iri biyu ce. Akwai wadda iyaye ke kaiwa, cewa da an faɗa musu gaskiya da sun ɗauki wata shawarar. Akwai kuma wadda ake kaiwa da sunan yaron, cewa ba don sakacin likita ba da ba a haife shi ba. Wannan ta biyun kotunan duniya sun fi ƙin ta. A Ingila, kotun ɗaukaka ƙara ta yi watsi da ita a 1982 a shari'ar McKay, yarinyar da aka haifa da naƙasa bayan cutar rubela ta kama mahaifiyarta tana da ciki. A Amurka, jihohi uku ne suka karɓe ta, Kalifoniya da Washinton da Niyu Jasi, su ma kuɗin jinya kawai suke yankewa. A Faransa kotun ƙoli ta ba Nicolas Perruche, wani yaro da aka haifa da naƙasa, diyya a Nuwambar 2000, ƙasa ta ɗauki zafi, ƙungiyoyin masu naƙasa suka yi ca, har majalisa ta kafa doka a Maris 2002 cewa babu wanda zai ɗauki haihuwarsa kaɗai a matsayin cutarwa.

Ina tare da wannan iyaka da zuciya ɗaya. Babu alƙalin da ke da ma'aunin da zai auna rayuwa mai ciwo da rashin zuwa duniya, kuma ba zan so yarinyar nan ta girma ta karanta a takardar kotu cewa zuwanta kuskure ne ba.

Inda na rabu da Faransa shi ne, dokar ta hana iyaye neman kuɗin ɗawainiyar naƙasar daga mai sakacin, ta mayar da nauyin kan gwamnati. Wataƙila hakan ya yiwu a can. A nan, katin inshorar lafiya ba ya biyan kuɗin mota cikin dare, ba ya mayar wa uwa ranakun da ta rufe rumfarta a kasuwar Kejetia, ba ya tsaya wa uban da ke bin abokai yana roƙon jini. Hanyar Ingila ta fi mini adalci, tunda kotunan Gana sukan duba hukuncinsu: a 1999 kotunan Birtaniya sun ƙi biyan kuɗin rainon lafiyayyen yaro, amma a 2001, a shari'ar Parkinson, sun yarda a biya ƙarin ɗawainiyar da naƙasa ta jawo.

Na san abin da ke sa mutanenmu ja da baya, wato zargin cewa mai irin wannan ƙara zubar da ciki ya so. A lamarin ƙanwata babu wannan magana ko kaɗan, domin zaɓin da aka ƙwace musu na kafin aure ne. Abin takaici kuma, a garin da Farfesa Kwaku Ohene-Frempong ya fara gwajin sikila ga jarirai tun 1995 ne hakan ta faru.

Na roƙi surukina ya adana takardar nan mai hatimi da kwanan wata, ya kai koke hukumar da ke ba ɗakunan gwaji lasisi, sannan mu je wurin lauya tare. Ya ce sai ya shawarci mahaifinsa, kuma ina jiran amsarsa zuwa Juma'a.