Gwajin Da Ya Kai Ni Zauren Suruki

Ku da kuka dame ni da "zamanantar da shago", to ku zo ku kwashi kayanku.

Ƙanena ne ya dawo daga jami'a yana cewa ni kaɗai na rage a Kasuwar Dole ta Damagaram mai amsa wa masu sayen shadda da hannu. Ya saukar min da WhatsApp Business, ya nuna min saƙon maraba, mai zuwa wa wanda ya fara rubuto maka ko wanda ya yi kwana 14 shiru, sai kuma saƙon "ba na nan". Muka tsai da Alhamis, ranar kasuwa, za mu fara. Ya ce sai dai a gwada tukuna. Daren Talata a fada, ana jiran shayi na biyu, na rubuta na gwaji don 'yan fada su yi dariya:

"Shago a rufe yake. In saye ne, sai gobe. In bashi ne, fara kawo na baya. In kuma doguwar gaisuwa ce ta murya, mai shago ya gaji, ba ya saurare."

Akwai wurin da ake zaɓar waɗanda za a aika wa, layi huɗu, na ƙarshe shi ne mai cewa wane da wane kaɗai. Duk da Faransanci aka rubuta su, ni kuwa kun san inda na ajiye lakkal. Ƙanen nawa ya tashi amsa kira, na bar shi a na sama, lokaci kuma na sa kullum don ya tafi nan take. Aka rubuto daga wayarsa, amsa ta faɗo, fada ta kaure da shewa. Na tafi na kwanta da megana a kunne.

Na saman nan ashe kowa da kowa ne.

Kun san Baba, surukina, da saƙon murya bayan asuba. Ranar minti 4 ya yi, yana tambayar jikin jikansa, yana sa mana albarka. Kafin ya mai da waya aljihu amsa ta iso. Baba ba ya karanta boko, sai ya miƙa wa wani yaro a ƙofar masallaci, mutane ba su watse ba. Kuma kun san ina bin sa jika 45 na shaddar Sallar Layya, wadda ban taɓa buɗe baki a kanta ba, ko a mafarki.

Ƙarfe 8 ina kan kabu-kabu zuwa unguwar Birni, gidan Baba. Na cire takalmi tun daga waje, na durƙusa, na ce, "Baba, ina kwananku?" Ya ce, "A'a, Malam, kar ka wahalar da kanka. An ce ka gaji da gaisuwa." Zaure cike: liman, ƙannensa biyu, da wani tela maƙwabcinsa. Aka kira yaron ya sake karantawa. Yaron nan da a lakkal aka ce ba ya gane komai, ranar ko tuntuɓe bai yi ba. Da ya zo kan "fara kawo na baya" har tsayawa ya yi ya ɗago ya dube ni. Baba ya ce, "Maimaita wurin nan." Ya maimaita. Ni dai ina ƙirga zaren tabarma, gumi na bin bayana, ga sanyin safiya.

Na ce, "Baba, wallahi ba ni na aiko muku ba, waya ce da kanta." Liman ya tambaya a hankali, "To wa ya koya mata?" Na rasa ta cewa.

Nan telan ya sa baki. Mutumin nan dai, ku ne shaida, shi ya yanke min babbar riga ta tsaya a gwiwa kamar ta ɗan kamu, ya ce yadin ne ya shige, yadin da ba a ma wanke ba. Mita 10 na ba shi. Bayan wata guda na ga ɗansa da 'yar shara kalar rigata sak, har da aikin wuya, na yi shiru saboda maƙwabcin Baba ne. Kuma me ya kawo shi zauren da sassafe? Ba dangi ba, ba a kira shi ba, kekensa na can a rufe mutane na jiran ɗinki. Shi ne ya zaro waya ya ce, "Bari mu gani in da gaske injin ne." Ya rubuto min sallama. Aljihuna ya yi ƙugi, tasa ta yi ƙara. Ashe a rikicen fitowa ban kashe abin ba.

Ya gyara gilashi ya karanta da jan murya kamar mai shela, ya kai kan bashin, sai ya rage sauti. Don shi ma akwai jika 12 na atamfa tun bara. Ƙanin Baba ya fashe da dariya har hularsa ta faɗi. Baba bai yi ba. Ya ce, "Tashi ka je ka buɗe shagon, tunda an ce a rufe yake."

Da na duba da rana, mutum 9 suka sha saƙon, har da mai kawo min kaya daga Kano, wanda ni ne ma yake bi. La'asar sai ga yaron nan mai karatu da jika 20 a ƙulle cikin leda, ba sallahu, ba komai. Uwargida ta ce in na taɓa kuɗin in nemi mai dafa min tuwo, suna nan kan talabijin har yau. Ƙanena kuwa cewa ya yi gwajin ya yi kyau, tunda saƙo ya je.

Alhamis ta zo ta wuce ba mu fara komai ba. Telan bai kawo nasa ba. Jiya ma na hango ɗan nasa da rigar.