Wai Ina Ake Samun Buhu Mai Ƙwari?

Wallahi na gaji! Ka wuni cikin rami a dajin Anka kana tonon zinare, ka ɗebi ƙasar gwaji ka ɗura a buhun siminti, kafin mashin ya hau kwalta buhun ya yage, rabi ta tsiyaye a hanya. Bokitin roba? Gargada ɗaya ya tsage. Ka yanke bakin jarka, hannun ya ɓalle. Leda kuwa tsakuwa ɗaya ta huda ta. Wai masu yin kayan nan auduga suke zaton muna ɗauka? Ga fargabar gubar dalma da ke cikin irin wannan ƙasa tun da ta ci yara a Zamfara a 2010, ƙurar nan bai kamata ta zube a tsakar gida ba, to wane buhu ne zai riƙe ta?